Ina magina suka tafi? Zare kan yadda sana'ar gini ta yi ƙaranci a ƙauyukanmu

1/
Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin gina ko da ɗaki biyu a ƙauyensu ya san wannan wahalar. Kuɗi na hannu, yashi da bulo an sauke, amma birkilan da za ka amince masa babu. Mai kyan hannun yana Abuja, na biyunsa ya tsufa, wanda ya rage kuma bangonsa sai ka karkata kai kafin ka ga ya miƙe. Ku zo mu bi tarihin yadda aka zo nan. Zare ne mai tsawo, a samu wuri a zauna 🧵

2/
Mu fara da tuna cewa ƙasar Hausa ƙasar magina ce tun fil azal. Gidan Rumfa a Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, ganuwar birane, fadar Damagaram, duk da ƙasa da ruwa da hannu aka yi su. Babu siminti, babu rodi. Waɗanda suka yi su ba su shiga aji ba, amma akwai tsarin koyo mai ƙarfi da ya samar da su. Wannan tsarin shi ne batunmu.

3/
Gini sana'ar gado ce. Yaro yana tasowa a gidan magina, ko kuma ubansa ya kai shi ya damƙa wa wani gwani. Ba a ba shi bango ranar farko. Zai fara da ɗebo ruwa, da cuɗa ƙasa da ƙafa, da zuba ciyawa a cikinta, da barinta ta kwana ta ruɓa. Sai ya koyi murza tubali, wannan mai ƙasa da faɗi da kai a tsuke, a shanya a rana.

4/
Daga nan sai jifa. Magini yana zaune a kan bango kamar ya hau doki, yaro yana ƙasa yana cilla masa tubali da curin ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Kamar aikin banza ko? A nan ake karatun. Idon yaron na kan hannun ubangidansa daga safe har azahar: yadda yake jera tubali, yadda bango ke faɗi a gindi yana sirancewa a sama, inda yake tsayawa ya bar shi ya sha iska kafin ya ɗora.

5/
Sai bayan shekaru ake barinsa ya hau bango. Rufi kuwa shi ne digirin ƙarshe. Azara, wato gangar giginya da aka tsaga, gara ba ta cika cinta ba, amma idan tazarar ta wuce kamar mita biyu sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. To yaya ake rufe zaure mai faɗi? Sai a riƙa ɗaura azara a kan azara, kowace ta ɗan leƙo gaba, daga bangarori biyu har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Shi ne bakan gizo.

6/
Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tudu, ka samu ɗaurin guga. Ga zankwaye a saman soro, ga indararo mai zubar da ruwa nesa da bango, ga yaɓen makuba da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ga katsi da ake kwasowa daga marina a yi laso don kada rufi ya yi yoyo. Kowane ɗaya ilimi ne mai zaman kansa, kuma babu wanda aka rubuta a takarda. A hannu yake, daga hannu yake wucewa.

7/
Sana'ar tana da shugabanci. A manyan masarautu akwai Sarkin Magina. Shi ke tara magina idan za a yi aikin fada ko masallaci, shi ke raba aiki, shi ke sasanta rigima tsakanin magini da mai gida. Ma'ana yaron da ke cuɗa ƙasa yau yana iya hango inda hanyar ta nufa: yaro, magini, gwani, watakila har sarauta.

8/
Sunan da ya fi shahara shi ne Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana gine-gine na duniya har yau suna nazarin ginshiƙai da bakunan cikinsa. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, amma ɗakin sallar na asali yana ciki. Unguwar Babban Gwani kuma tana nan a birnin Zariya.

9/
Akwai labarin da ake bayarwa cewa bayan ya gama wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Labarin baka ne, kuma irinsa ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da dama. Amma ku lura da abin da yake nunawa: mutanen da suka riƙe labarin sun ɗauki magini a matsayin wanda sarakuna ke kishi a kansa.

10/
Kuma gwanintar ba ta tsaya a birni ba. A Kafin Madaki, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa ta jihar Bauchi, akwai Gidan Madaki da ake dangantawa da Babban Gwani, wanda aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Gari ne na karkara, amma aikin da ke ciki na fada ne.

11/
Kada mu yi wa tarihi kwalliya dai. Manyan ayyukan sarakuna, irin su ganuwa da fada, sun ci gumin bayi da talakawan da aka tilasta wa fitowa. Yaron magini ma ba albashi yake ɗauka ba, kuma wani ubangidan yakan ɓoye sirrin sana'a sai ga ɗansa na cikinsa. Tsarin yana da nasa zalunci. Abin da ya iya shi ne abu ɗaya: duk tsara tana barin magada.

12/
Me ya riƙe shi a ƙauye? Noma. Maginin ƙauye manomi ne. Da damina yana gona, ana gama girbi sai lokacin gini ya kama, don tubali na son rana. Abincin shekara yana rumbu, kuɗin gini ƙari ne. Yaron da ke koyo yana cin tuwon gidan ubangidansa, yana taya shi noma. Babu wanda ke jiran ladan yini kafin a ɗora tukunya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

13/
Ga kuma gayya. Za a yi wa ango ɗaki ko a gyara masallacin unguwa, samari su fito, wasu ruwa, wasu ƙasa, magini ɗaya yana jagoranta. Ko wanda ba zai zama magini ba ya san yadda ake yaɓe. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana bin bango da rufi ana gyarawa. Wannan gyaran shekara-shekara shi ne makarantar firamaren sana'ar.

14/
Sai Turawa suka zo. Da farko su ma maginan gargajiya suka yi musu gidaje. Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna, ginin ƙasa ne, kuma makarantar da ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a bayansa kwanon rufi da siminti da katako suka biyo.

15/
Ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin mulkin mallaka, wadda aka fi sani da PWD, tana son birkila da kafinta masu aiki da zane da ma'auni. Yawancin irin waɗannan daga kudu aka kawo su, inda makarantun mishan suka daɗe suna koyar da su, suka zauna a Sabon Gari. Tun daga nan sana'ar ta rabu biyu: ginin zamani mai albashi da takarda, da ginin gargajiya da ake kallo kamar na jiya.

16/
Alamar da ta fi fitowa fili ita ce babban masallacin Kano. Tsohon na ƙasa ya lalace, aka sake gina shi da kayan zamani a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Idan masallacin sarki ya koma siminti, attajiri zai bi, hakimi zai bi, mai kuɗin gyaɗa a ƙauye ma zai bi. Manyan ayyukan da gwani ke koyar da yaransa bakan gizo a kansu suka fara ƙarewa.

17/
Wannan shi ne asarar farko, kuma ba a ji ƙararta ba. Ba a koyon ɗaurin guga da baki. Sai an samu mai gidan da ya ce a yi masa, yaro ya tsaya ya ga an yi, ya sa hannu, ya ɓata, a gyara masa. Idan shekara ashirin ta wuce babu wanda ya ba da irin wannan aikin a gari, gwanin zai mutu da abinsa a ka, ko da kuwa yana da ƴaƴa goma.

18/
Bayan ƴancin kai abin ya ƙara gudu. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a shekarun 1960, na Ashaka a ƙarshen shekarun 1970. Kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti mai yawan da jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas wata da watanni suna jiran a sauke. Daga baya aka shiga ginin Abuja.

19/
Duk mai ƙarfi a jika da ɗan wayo a hannu sai ya nufi inda ake biyan kuɗi a yini. Cin rani da ma al'ada ce, amma da mutum yakan dawo da ruwan farko. Yanzu wanda ya iya aiki sai ɗan kwangila ya riƙe shi. Ƙauye ya zama wurin da ake renon lebura, birni ya zama wurin da ake cin moriyarsa.

20/
Gwamnati ta ga giɓin, ta yi ta kafa hukumomi. ITF a 1971, hedikwatarta a Jos. NBTE mai kula da ilimin fasaha a 1977, a Kaduna. Tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, wanda aka ce kowane yaro zai taɓa aikin hannu a ƙaramar sakandare. NDE a tsakiyar shekarun 1980 da shirinta na tura matasa wurin masu sana'a. NABTEB mai shirya jarrabawar fasaha a 1992.

21/
A takarda ba laifi. A ƙasa fa? Ku tambayi iyayenku labarin injinan koyon sana'a da aka kai makarantu suka shekara a cikin akwati, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Kwalejojin fasaha kuma yawanci a manyan garuruwa suke, kuma sai mai takardar makaranta ke shiga. Yaron ƙauyen da ya fi kowa buƙata shi ne ya fi nisa da ƙofar.

22/
Ga kuma raini da muka ɗora a kai da kanmu. Yaron da ya ci jarrabawa a ce jami'a, wanda ya faɗi a ce to a kai shi koyon sana'a, kamar horo. Iyaye nawa ne za su yi murna idan mai neman ƴarsu ya ce shi birkila ne? A garin da a da magini ke da sarauta.

23/
Yanzu mu dawo kan maganar tuwo. Koyon gini na gaske yana cin shekaru, kuma a shekarun farko abin da yaro ke samu bai taka kara ya karya ba. A da gona da gidan ubangida suna ɗauke da shi. Yau gonar gado an raba ta har ta zama ƴar mitsitsiya, a wasu yankunan ma rashin tsaro ya hana zuwa, shi kansa ubangidan da kyar yake ciyar da nasa.

24/
Sai ka sa kanka a matsayin saurayi ɗan shekara sha bakwai. Gefe ɗaya shekara uku ko huɗu kana ɗaukar kwanon kankare a ka, ana yi maka tsawa. Ɗaya gefen acaɓa, ko A Daidaita Sahu, ko ramin zinare, ko cajin waya, inda yau-yau za ka riƙe kuɗi. Masu cewa matasan yanzu ba sa son wahala su fara yin wannan lissafin tukuna. Wanda ke haƙar zinare ai ba hutu yake yi ba.

25/
Waɗanda suka shiga ɗin ma da yawa ba sa ƙarasawa. Wata shida, ya iya jera bulo, sai ya sayi cokalin gini ya ce shi ma oga ne. Shi kuma ubangidan da ya ga haka sau biyu sau uku sai ya daina koyarwa da zuciya ɗaya: me zai sa in koya maka ka gudu ka karya mini farashi? Babu Sarkin Maginan da zai tsawatar, babu yarjejeniyar da ta ɗaure kowa.

26/
Sakamakon yana gabanmu. A manyan biranen Najeriya, masu gini da yawa sun fi neman masu tayil da filasta da POP daga Togo da Benin, kuma suna biyansu da tsada. A can koyon sana'a yana da wa'adi, da yarjejeniya tsakanin iyaye da ubangida, da bikin yaye a ƙarshe. Ƙasa mai matasa miliyoyi marasa aiki tana shigo da masu aikin hannu.

27/
A ƙauye kuwa asarar biyu ce. Ba mu riƙe ilimin ƙasa ba, ba mu ƙware a na siminti ba. Ana gina ɗakin ƙasa da siririn bango, babu tushe mai tsayi, babu makuba, babu gyaran shekara. Ko a yi bulo da buhu ɗaya da aka miƙe shi fiye da ƙima, ka taɓa yana zuba. A shafa siminti a kan bangon ƙasa, ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale a ciki, bango ya ruɓe ba a gani ba.

28/
Shi ya sa maganar ta wuce ta ado. Duk damina sai mun ji ɗaki ya faɗa wa iyali cikin dare. A ambaliyar 2022 Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, gidaje masu ɗimbin yawa suka rushe. Ruwa mai yawa zai iya kayar da kowane gini, gaskiya ne. Amma tsakanin bangon gwani da bangon wanda ya koyi aiki wata shida akwai rayukan mutane.

29/
To abin ya mutu ke nan? Ku zo mu tsallaka iyaka. A jihar Tawa ta Nijar akwai ƙauyen Yaama. A 1962 mutanen garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ba wa maginin garinsu, Falke Barmu, wanda shi ma manomi ne. Aikin gayya aka yi: wasu tubali, wasu ruwa, wasu itace, mai hali ya ba da hatsi ko kuɗi.

30/
Bai tsaya nan ba. A tsakiyar shekarun 1970 ya sake rufin da bakuna da ƙubba a tsakiya, daga baya ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, aka kammala a 1982. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fannin a duniya. Maginin ƙauye, da ƙasar ƙauyensu.

31/
Abin lura a Yaama shi ne shekara ashirin ana aiki ɗaya ana komawa kansa. Duk saurayin da ya taso a garin a lokacin ya ga ana ɗaura baka da idonsa. Ga amfanin hakan: a Dandaji, duk a jihar Tawa, da Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zo mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu tare da gina sabo, aikin da aka gama a 2018, sun nemo maginan da suka yi ginin farko suka sa su cikin aikin.

32/
Tsofaffin suka kawo abin da suka sani, suka kuma koyi sababbin dabarun kare bango daga zaizayar ruwa, aka yi sabon ginin da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. Masu digiri da masu gado a kan bango ɗaya. Da an bari tsarar nan ta shuɗe, da babu wanda za a kira.

33/
A Burkina Faso ma, wani birkila Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi, Séri Youlou, sun kafa ƙungiya a 2000 da ke yaɗa rufin ƙasa irin na Nubiya, wanda ba ya buƙatar katako ko kwano. Yadda suke koyarwa shi ne abin dubawa: a wurin aiki, da rani, manoma ne ƴan koyon, kuma mai gida ne ke biyan aikin. Tsohon tsarinmu ne aka yi wa gyara.

34/
A gida, Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiyar Najeriya, kuma shi ya assasa gidan tarihin gine-gine na Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da ganuwar Kano. Hamman Tukur Saad ya yi digirinsa na uku a kan magina Hausawa. Zane da rubutu suna nan. Amma littafi ba ya hawa bango.

35/
Darasin da tarihin nan ke bayarwa a fili yake. Ɗan koyo yana tsayawa ne idan akwai abin da zai ci yayin da yake koyo, akwai aikin gaske da zai koya a kai, akwai kuma matsayin da yake hangowa a ƙarshe. Duk shirin da ya tara matasa a zaure sati biyu, ya raba musu satifiket da cebur a gaban kyamara, bai taɓa ko ɗaya daga ciki ba.

36/
Abin da za a iya yi ba sai an jira Abuja ba. Ƙaramar hukumar da za ta gina aji ko asibitin ƙauye ta sa a sharaɗin kwangila cewa sai an ɗauki yaran garin koyo, a biya su. Ƙungiyoyin magina su dawo da yarjejeniya a rubuce, da wa'adi, da yaye. Gwanin da ya shekara talatin yana aiki a gwada hannunsa a ba shi shaida, ko bai iya turanci ba.

37/
Mu kuma masu waya a hannu: idan za ka yi gini a gida, ka tambayi magininka yara nawa yake koyarwa, ka ƙara wani abu saboda su. Idan ƙaninka ya ce gini yake so, kada ka yi masa dariya, ka nemo masa ubangida na kirki. Idan akwai tsohon da ya iya bakan gizo a garinku, ku ba shi aiki ko da zaure ɗaya ne, samari su tsaya a gefensa.

38/
Yanzu ku faɗa mana: a garinku akwai sauran wanda ya iya ɗaurin guga ko haɗa makuba? Shekarunsa nawa, kuma wa yake koya wa? Ku ajiye sunan garin da hoton aikin a ƙasa, a tura wa wanda ke shirin gini bana.